Daren da Muka Kashe wa Kaka Lariba Wuta

A gidanmu na zangon Salaga wutar murhu ba ta mutuwa da an sauke tuwo. Kaka Lariba, mahaifiyar babanmu, ita ke karɓar ta daga hannun masu girki. Da an idar da magariba za ta jawo 'yar kujerarta, ta tura guntun itace cikin garwashi, ta binne doya a toka, mu kuma jikokinta mu kewaye ta. Ba ta fara tatsuniya yadda sauran tsofaffi suke farawa. Sai ta gyara murya ta ce, "Ga wata can ta taso daga nesa." Mu ce, "Ta ƙaraso, akwai tabarma." In wani ya yi gyangyaɗi, doyarsa ta zama ta na kusa da shi, babu ƙara babu shari'a.

Ni ce Asibi, ni ke zama a gefen ƙafarta ta dama, don ni ke tsefe mata kai, ni ke ƙulla mata lalle. A lokacin da nake ba da labari ina ajin ƙarshe na firamare, kuma daga nan karatuna na boko ya tsaya.

Bayan damina ta ɗauke a wannan shekarar, wata tauraruwa ta dame mu. Ba ta ƙyaftawa, ba ta kuma tsayawa. Tsakanin magariba da lisha take fitowa daga bayan itacen mangwaron maƙwabta, ta ratsa sama a natse kamar mai zuwa aike, ta shige ta bayan masallaci. Wani dare a gan ta, wani dare a'a. Malaminmu na makaranta ya ce ba tauraruwa ba ce, ɗaki ne na ƙarfe da mutanen Rasha suka harba sama, akwai mutane a ciki suna ci suna barci, ya ce a rediyo ya ji. Da na kawo wa Kaka wannan magana sai ta dube ni ta ce, "To, a ina suke kama ruwa?" Amma abin ya shiga raina ƙwarai. Duk dare wuyana a ɗage yake.

Kaka tana da wani ɗa da ban taɓa gani ba, Baba Tanko, ƙanen babanmu. Tun yana saurayi ya ce zai tafi Kumasi neman aiki, ta hana, suka yi kace-nace a bakin ƙofa, ya faɗa mata maganar da ɗa ba ya faɗa wa uwa, ya ɗauki jakarsa ya fita. Ba a daɗe ba aka yi korar baƙi daga ƙasar nan ta Ghana. An kama shi a can ba takarda a aljihu, aka loda shi a mota tare da wasu aka yi Nijeriya da su. Daga baya da Nijeriya ta koro mutanen Ghana, mutane da yawa sun dawo Salaga, shi ba ya cikinsu. Kusan shekara ashirin ba labari. A gidan ba a ambaton sunansa a gaban Kaka, ita ma ba ta ambata.

Ranar nan da hantsi sai ga Malam Seidu, wani mai fataucin shanu daga Bawku, abokin cinikin babanmu. Ya sha ruwa, ya ce yana da saƙo ga tsohuwa. Ya durƙusa a gabanta ya ce ya haɗu da ɗanta a kasuwar shanu ta Jega, da ransa da lafiyarsa, har da furfura.

"Ya ce in gaya miki, Mma, ya san abin da ya yi. Ya ce kunya ta hana shi tako ƙasar nan. In kin yafe masa, ki aika masa da hotonki ya ga fuskarki. Da ya gani zai taso."

Kaka ta gyara zama. Ita fa tun da take ba ta taɓa yarda an ɗauke ta hoto ba. In mai hoto ya shigo gidan biki, bayan gida take zagayawa.

"Yaushe za ka koma?"

"Gobe da asuba, Mma. Motar Yendi."

"Asibi," ta ce, "je ki kwaɓo lalle."

Malam Seidu ya ce ko akwai saƙon baki da zai haɗa da shi. Ta ce babu. "Fuskata ya tambaya. In ya gan ta ya ji duk abin da zan ce."

Mai hoto kuwa a gida muke da shi. Yayana Danlami yana koyon aikin a wurin wani maigidansa a Yendi, ya zo gida da kyamarar shago don ɗaukar wani suna a unguwa. Sunan ya cinye fim ɗin, saura guda ɗaya tak, kuma a Salaga ba inda ake sayar da wani. Aka shirya cewa zai bi Malam Seidu da asuba, a wanke a Yendi, a ba shi ya wuce Bawku da shi.

Danlami ya so a ɗauka da rana tun akwai haske. Kaka ta ƙi.

"Kai mijin banza, haka za ka nuna amaryarka, hannu fari kamar na mai wankin kwano? Sai lalle ya kama."

"Kaka, hoton baƙi da fari ne, lallen ba zai yi ja ba."

"Ba ruwanka. Ɗana ya san hannuna."

Haka ta wuni hannu da ƙafa a ɗaure cikin ganye da tsumma, ni ke ba ta ruwa a baki. Ta sa aka buɗe adakarta aka ciro wani zane mai shuɗi da ta ajiye tun na aurenta, aka shanya shi ya sha iska. Kafin a kwance lalle, ta yi wanka, ta sa kwalli, ta ɗaura ɗankwali ta kwance ta sake ɗaurawa, rana ta faɗi. Danlami ya ce ba komai, akwai fitilar kyamara a jaka, wadda ke walƙiya.

A nan ne na sa baki. Danlami ya taɓa gaya mini cewa ya ga wani shafi na tsohuwar mujalla a shagon maigidansa, an ɗauki taurari sun zama zare-zare na haske. Ya ce ana barin idon kyamara a buɗe ne, ya yi ta shan haske sannu a hankali. Na ja shi bayan rumbu na ce, "Yaya, ka haɗa su. Kaka a ƙasa, tauraruwar a sama. Ba wanda ya taɓa kama ta a garin nan." Ya ce fim ɗaya ne. Na ce ai shi ya sa. Na ce in idon yana shan hasken da ke can sama, fuskar da ke gabansa ce za ta gagare shi? Na ga abin ya fara yi masa daɗi. So nake in kai hoton makaranta, a ce gidan su Asibi aka kama ta. Shi kuma so yake maigidansa ya san ba share shago kaɗai ya iya ba.

Muka gaya wa Kaka. Ta ce, "Ku ɗauka mu tashi, zanen nan yana ƙaiƙayi." Na ce, "Kaka, ki bari ta zo, Baba Tanko ya gan ki da tauraruwa a kanki." Ta harare ni, amma ta zauna. Danlami ya kifa turmi, ya ɗora kyamara a kai, ya tokare ta da duwatsu tana kallon Kaka da sararin da ke bayanta. Muka zauna jira, wuta tana ci, hasken yana wasa a goshinta. Ban taɓa ganin ta da kyau kamar daren nan ba.

"Tun da kun tsare ni," ta ce, "ga wata can ta taso daga nesa."

"Ta ƙaraso, akwai tabarma."

Ta ce a zamanin da ayarin goro ke sauka a garin nan, akwai wata mace da ɗanta ya bi fatake yana ƙarami. Ta jira, ta gaji da jira, ta sayar da akuyarta da tukwanenta ta bi sawu. Duk garin da ta isa sai a ce, ai jiya suka tashi. Ta bi su gabas, ta bi su arewa, har takalminta ya ƙare, har bayanta ya lanƙwashe, haƙoranta suka zube. Da ƙafa ta ƙi, sai ta dawo Salaga ta zauna a bakin wata rijiya tana ja wa matafiya ruwa don a ba ta abin sawa a baki.

Wata rana ayari ya sauka. Wani babban mutum mai gemu ya zo ya ce, "Tsohuwa, a taimaka da ruwa." Ta ja ta ba shi. Ya sha, ya wanke fuska, ya ce, "Allah ya ba ki 'ya'ya masu jin ƙai." Ta ce amin. Ya dube ta, ta dube shi, ya juya ya tafi. Sai da ayari ya yi nisa, duhu ya fara, ta jiyo wani daga baya yana ƙwala masa kira da sunan da ita ta raɗa masa.

Nan Kaka ta tsaya ta juya doya a toka, ta bar mu da baki buɗe. Ƙanena ya ce, "Ta kamo shi?"

"Da wace ƙafa?"

Ta ce matar ta ɗauki fitilarta ta aci-balbal ta bi hanya tana faɗuwa tana tashi. Ta roƙi Allah ya ɗaga ta sama inda za ta hango duk hanyoyin duniya a lokaci ɗaya. Aka karɓi roƙonta. To amma daga can sama mutane duka girmansu ɗaya, kamar tururuwa, ba a gane fuskar kowa. Shi ya sa ba ta tsayawa. Ta wuce garin nan ta duba, ta wuce wancan.

"Malaminku ya ce mutanen Rasha ne. Ni ban musa ba. Wataƙila sun rage mata hanya."

Muna cikin dariya ƙanena ya yi ihu, "Ga ta nan!" Ta ɓullo daga bayan mangwaro. Danlami ya ce, "Wutar! Wutar za ta ɓata, a kashe!" Ni na ɗauki ruwan butar alwala na sheƙa wa murhu. Ya yi cuu, hayaƙi ya tashi, gida ya yi baƙi ƙirin. Danlami ya danna ya riƙe. "Kaka, kar ki motsa. Kar ki yi numfashi da ƙarfi." Tsohuwar nan ta zauna cikin duhu da hayaƙi, hannayenta a buɗe a kan gwiwa don lalle ya fito, ko tari ba ta yi ba, har tauraruwar ta shige bayan masallaci. Muka ji ƙyas.

"An gama?"

"An gama, Kaka."

"To ku kunna mini wutata. Kun jiƙa doya." Ba ta rufe tatsuniyar ba a daren, mu ma ba mu tuna mun tambaya ba.

Kwana biyu Danlami ya dawo daga Yendi. Ya kira ni bayan rumbu ya ciro kwafin da ya ajiye. Takarda ce baƙa, da farin zare siriri ya ratsa ta sama. Tauraruwar ta fito sarai. A ƙasa kuwa babu fuska, babu zane, babu hannu, ko inuwar kujera babu. Ya ce maigidansa ya zage shi tas, ya ce da ya haska fitilar sau ɗaya kawai yayin da idon yake buɗe, da duka biyun sun fito. Fitilar tana cikin jaka a gefen turmi.

"Malam Seidu fa?"

"Mota tana jiransa. Na sa a ambulan na liƙe na ba shi."

"Ka gaya masa?"

Ya kawar da kai.

Da muka shiga Kaka tana zaune a bakin ɗaki. Ta ce, "Angona, na fito?" Danlami ya hau gyara igiyar jakarsa. Ta juyo gare ni. "Hannuna sun fito?" Na ce, "Sun fito, Kaka." Ta ce ina nata kwafin. Danlami ya ce takarda ta ƙare, ɗaya aka samu. Ta ce ba komai, ita ta san fuskarta.

Mun yi ta cewa za mu gyara. In Danlami ya samu sabon fim sai mu ce mata ana son wani. Da ya kawo, ta ce ta zauna sau ɗaya don ɗanta, ba za ta zama abin wasan yara ba. Hanya ɗaya ta rage, mu faɗi gaskiya, kuma kullum muka ɗaga sai ta ƙara nauyi. Muka ce ai in Baba Tanko ya buɗe zai gane kuskuren mai hoto ne, zai aiko a sake. Malam Seidu kuma ciwon ƙafa ya kwantar da shi a shekarar, bai ƙara zuwa Salaga ba.

Kaka ta sa aka share ɗakin da ke kusa da zaure, aka yi masa sabon daɓe. In motar Yendi ta shigo da yamma sai ta aike ni tasha in sayo abin da ba ta buƙata, in na dawo ta dubi bayana kafin ta dubi hannuna. Ta ci gaba da yi mana tatsuniya, amma in an taɓa ƙofar gida sai ta yanke magana a tsakiya. Damina biyu aka yi a haka. A ta uku zazzaɓi ya kama ta, ta rasu ranar wata Laraba da azahar. Ba ta taɓa cewa bai zo ba. Cewa take, hanya ce da nisa.

Na yi aure a Bawku, mijina yana sayar da hatsi. Ina goyon ɗana na uku, wata rana da la'asar, wani yaro daga gidan marigayi Malam Seidu ya rako wani dattijo har ƙofarmu. Dogo ne siriri, da jaka ɗaya. Ya yi sallama, da na ji muryar sai na ji kamar babanmu ne. Ashe Baba Tanko ne. Ya shigo ta Pusiga a ranar, zai wuce Salaga, aka ce masa akwai 'yar wansa a garin. Ni na gaya masa Kaka ta rasu. Ya yi salati, ya zauna a kan buhun gero.

Can ya sa hannu a aljihun gaba ya ciro wani abu a naɗe cikin leda. Gefunan sun cinye, amma zaren nan yana nan.

Ya ce Malam Seidu bai kai Jega ba a wannan zuwan, a bakin iyaka ya ba wani mai kora shanu, shi ya kawo masa, ba magana ko ɗaya tare da shi. Ya ce ya riga ya sayar da 'yan tumakinsa, ya ɗinka wa Kaka atamfa don tahowa gida. Ya shiga ɗaki ya rufe ƙofa kafin ya buɗe ambulan.

"Na ce in ta yafe ta aiko da fuskarta. Ta aiko mini da duhu, an ja layi a kai. Na ce to, na ji. Na san halinta, ba ta maimaita magana." Ya juya takardar a hannunsa. "Yanzu ma cewa na yi gara in zo ta kore ni da bakinta kafin in mutu."

Na sauke yaron daga bayana na zauna a ƙasa a gabansa. Na gaya masa komai, lallen da zanen, turmin da butar, da abin da na ce da ta tambaye ni hannunta, da ɗakin da aka yi wa daɓe. Na jira ya zage ni ko ya tashi ya fita. Na fi son ya zage ni.

Muna yara mun ɗauka tatsuniyar nan ta tauraruwa ce, Kaka ta ƙaga ta don ta yi wa malaminmu tsiya. Sai a ranar na gane abin da ya sa macen da ta guje wa mai hoto duk rayuwarta ta wuni a ɗaure cikin lalle. Tsoronta ta faɗa mana a bakin wuta, kada ɗanta ya sha ruwa a hannunta ya wuce. Mun saurara, mun yi dariya, hankalinmu yana sama.

Baba Tanko bai zage ni ba. Ya miƙo mini hoton ya ce, "Ɗiyata, nuna mini inda take zaune."

Na ɗora yatsa a ƙasa, ɗan gefen hagu, inda babu komai.

"Fuskarta tana kallon nan?"

"Tana kallon nan, Baba. Hannayenta a buɗe a kan gwiwa."

Ya karɓa, ya matsa bakin ƙofa inda akwai sauran haske, ya kai takardar kusa da idonsa. Aka kira magariba bai ɗago ba. Mijina ya kawo masa buta ya ajiye a gefensa, ya koma ciki.